An Zubar da Fiyano, Takardar Tana Nan

Duk ɗalibin da ya zauna ajin shari'ar ciniki a jami'o'in ƙasar nan ya ji sunan Helby da Matthews. Malam ya rubuta sunayen a allo, ya ɗora shekarar 1895 a gefe, ɗalibai su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su manta. Ba safai ake tsayawa a gaya musu cewa a kan fiyano aka yi wannan rigima ba, watau akwatin kiɗan nan na Turawa mai madannai farare da baƙaƙe, balle a gaya musu cewa takardar da aka yi gardama a kanta ita ce uwar wadda direban A Daidaita Sahu yake dangwala wa yatsa a Kano, da wadda ƙaramin akawu yake sa wa hannu ran da ya ɗauko firji ko wayar salula bisa alkawarin biya kaɗan-kaɗan. A ganina babu darasin da ya fi wannan kusa da aljihunmu, kuma halin ko-in-kula da muke nuna masa sakaci ne da bai dace da masu kiran kansu 'yan boko ba.

Ga yadda aka yi. Helby mai sayar da fiyano ne a Ingila. Ya ba wani mutum mai suna Brewster fiyano bisa sharaɗin zai riƙa biyan sule 10 da sisi kowane wata. In ya cika wata 36, watau fam 18 da sule 18, fiyano ya zama nasa. In kuwa ya gaji a hanya, yana da damar mayar da kaya ya huta da biya, amma abin da ya riga ya bayar ya tafi ke nan. Bayan 'yan watanni sai Brewster ya kai fiyanon jingina wurin Matthews ya karɓi kuɗi. Helby ya ce a ba shi kayansa. Mai jingina ya ce ai shi daga hannun wanda ya saya ya karɓa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba mai jingina gaskiya, amma da magana ta kai kotun ƙoli ta ƙasar a wancan zamani, wadda ke zama a majalisar dattawansu, sai aka juya hukuncin. Alƙalai suka ce tun da Brewster yana da ikon mayar da fiyano duk ran da ya so, to bai ɗauki alkawarin saye ba, ɗan haya ne kawai wanda aka buɗe wa ƙofar saye in ya ga dama.

Jama'a, a tsaya a dubi ma'anar wannan hukunci da idon talaka. Mutumin da ya biya wata 35 cikin 36 ba shi da ko ƙusa ɗaya a jikin kayan da ke ɗakinsa. In ciwo ya kwantar da shi a watan ƙarshe, ko aka sallame shi daga aiki, mai kanti yana da ikon turo ƙarti su ɗauke kaya, ya riƙe duk kuɗin da ya karɓa da sunan ladan haya, ya goge fiyano ya sake ba wani. 'Yancin mayar da kaya da aka rubuta wa mai saye kamar alfarma, shi ne igiyar da aka ɗaure shi da ita. Daga wannan shekara duk mai sayar da kayan ɗaki da keke da keken ɗinki ya kwafi irin takardar Helby, kuma da Turawan mulkin mallaka suka shigo mana da dokokinsu, tana cikin kayan da suka sauke. Wannan tsari shi za mu kira hayar saye.

To, me ya sa fiyano? Amsar tana cikin yadda wannan ciniki ya taso. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a birnin Florence wajen shekarar 1700, kuma ya daɗe yana kayan fadoji da gidajen attajirai. A ƙarni na 19 aka koyi zuba masa ƙashin baƙin ƙarfe wanda zai iya riƙe tsirkiyoyi fiye da 200 a ɗaure tamau, masana'antu kuma suka fara fitar da shi dubbai. Nan matsala ta taso, domin injin yana ƙera fiye da abin da masu kuɗi a hannu za su iya saye. A daidai lokacin kuma birane sun cika da akawuna da malaman makaranta da masu ƙananan kantuna, mutanen da ke da albashi amma ba su da dukiya, masu ƙishirwar a ce su ma sun zama mutane. Fiyano a falo, da 'yar gida tana taɓa shi in an yi baƙi, shi ne shaidar cewa maigida ya tsallake sahun leburori. Dillali ya fahimci cewa wannan ƙishirwa ta fi son kiɗa ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kuma fahimci cewa mai albashi zai yarda ya jinginar da albashin shekara uku don ya kashe ta. Kamfanin keken ɗinki na Singer ya soma irin wannan ciniki a Amurka tun 1856, masu fiyano na Ingila kuma suka yi wa nasu suna tsarin shekara uku.

A Amurka ne abin ya kai maƙura. A shekarar 1909 kaɗai an fitar da sababbin fiyano fiye da 360,000 a ƙasar. Kada wani ya ɗauka makaɗa ne suka yi yawa haka. Manyan sunayen wannan kasuwa ma da dillanci suka fara. W. W. Kimball ya soma sayar da fiyanon wasu a Chicago a 1857, D. H. Baldwin kuwa malamin kiɗa ne a Cincinnati da ya buɗe kanti a 1862, kuma dukkansu sai da suka yi shekaru masu yawa suna saye da sayarwa kafin su kafa masana'antar ƙera fiyano tasu. Yaran dillalai suna ɗora fiyano a keken doki su bi gonaki, su roƙi manomi ya bari a ajiye masa a ɗaki na 'yan kwanaki don gwaji, ba ko kwabo. Sun san in maƙwabta suka gani, uwargida kuma ta saba da shi, fitar da shi ya zama abin kunya. Ran da suka dawo, takarda ce a hannunsu.

Harkar yau da kullum ta kantin kayan kiɗa kuwa, wanda ya san kasuwar 'yan gwanjo ba zai yi mamakinta ba. Da farko dai babu tsayayyen farashi. Akwai kuɗin da aka buga a littafin talla, wanda babu mai biyansa sai baƙauye, akwai kuma wanda za a tsaya a kai bayan an auna tufafin mai saye da idonsa. Sa'an nan akwai la'adar malamin kiɗa. Uba bai san komai game da fiyano ba, don haka sai ya nemi shawarar malamar da ke koya wa 'yarsa, ita kuwa tana da kaso a wurin mai kanti kan duk wanda ta kawo, kason kuma a cikin kuɗin uban aka cusa shi. Wanda ka ɗauka mai ba ka shawara, ashe ɗan kamashon wanda zai yanke ka ne.

Akwai kuma fiyanon aron suna. Wani Joseph P. Hale na birnin New York ya shahara a shekarun 1860 da 1870 wajen sayen sassa daga maƙera dabam-dabam da araha, ya harhaɗa, ya buga duk sunan da dillali ya ce a buga a goshin kayan. Wasu dillalan sunan kantinsu suke sawa, kamar su suka ƙera. Marasa kunya kuwa sai su zaɓi suna mai kama da na mashahuran kamfanoni irin Steinway ko Chickering, su sauya harafi ɗaya ko biyu. In kaya ya lalace babu masana'antar da za ka kai wa kuka, domin sunan da ke jikinsa ba shi da gida. A farkon ƙarni na 20 sai aka ƙaro gasar wasa ƙwaƙwalwa a jaridu: a buga tambaya mai sauƙin da yaro zai amsa, duk wanda ya aiko da amsa a rubuta masa cewa ya ci kyautar takardar rangwame, wadda ba ta da amfani sai a kantin da ya shirya gasar, a kan fiyanon da aka riga aka ƙara wa kuɗi. Wasu kuma su kama hayar gida, su sa talla cewa wata baiwar Allah da mijinta ya rasu tana neman rabuwa da fiyanonta da gaggawa. In aka saye aka fitar, kafin dare an shigo da wani, gobe kuma matar tana nan tana takaba.

Manyan kamfanoni ba su yin irin wannan ƙaramar damfara, tasu dabarar ta fi tsabta. Steinway, wanda wani Bajamushe ya kafa da 'ya'yansa a New York a 1853, ya gina babban zauren kiɗa a 1866, aka tsara shi yadda mai zuwa kallo sai ya ratsa ta ɗakin da aka jera fiyanon sayarwa. A 1872 kamfanin ya ɗauki nauyin kawo shahararren makaɗin Rasha Anton Rubinstein ya zaga Amurka, ya yi wasa sau 215, duk a kan fiyanonsu. Ɗaukakar da aka gina a wannan zaure ita ce ƙaramin dillali yake ɓantara ya sayar wa akawu wata-wata.

Kafin mu bar zamanin nan, tilas a faɗi wanda ya biya ɗaya kuɗin, wanda ba a rubuta a kowace takarda ba. Fiyano yana da madannai 88. Baƙaƙe 36 da wani baƙin katako dangin kanya ake yin su, farare 52 kuwa da hauren giwa ake lulluɓe su. Ƙananan garuruwa biyu a jihar Connecticut, Deep River da Ivoryton, su ne suka riƙa yanka mafi yawan hauren da ya shiga Amurka, a masana'antun Pratt, Read da na Comstock, Cheney. Babban haure ɗaya yakan isa fiyano kamar 45, ana fere shi siriri a shanya a ɗakunan gilashi rana ta faranta shi. Daga Gabashin Afirka ake kawo shi, ta Zanzibar, bayan ayari sun ɗauko shi a ka da kafaɗa daga can ƙurya, ta Ujiji da Tabora zuwa Bagamoyo a bakin teku. Da yawa daga masu dakon 'yan ƙwadago ne na ƙabilar Nyamwezi, amma fataucin haure da na bayi a wannan hanya tare suka tafi, da bindiga ɗaya da madugu ɗaya, kuma Tippu Tip, wanda ya rasu a Zanzibar a 1905, da su biyun ya yi suna. Abin da ya fi ban takaici shi ne George Read, ɗaya daga waɗanda suka kafa wannan sana'a a Deep River, an san shi da ƙin bautar da baƙar fata a Amurka, har yana ba bawan da ya gudo mafaka. Bautar da yake gani da idonsa ita ce ta dame shi. Mu ma kada mu wanke hannunmu tas, domin fataken Hausa sun yi safarar haure daga Adamawa zuwa Kano da Tarabulus da kantunan Turawa na bakin Binuwai. A shekarun 1950 masana'antun Amurka suka koma roba, a 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, giwayen da suka rage a Nijeriya kuwa 'yan ɗaruruwa ne, a Yankari da wasu 'yan dazuzzuka.

Na san abin da masu kare wannan tsari za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Za su ce in ba don biya kaɗan-kaɗan ba, da fiyano bai fita daga gidan masu hannu da shuni ba. Gaskiya ne. Ta wannan hanya ya shiga coci-coci da gidajen rawa na baƙaƙen Amurka, inda jikokin bayi suka juya shi ya fitar da kiɗan da maƙeransa ba su taɓa mafarki ba. Kuma ba kowane dillali ne azzalumi ba. John Stark, mai kantin fiyano a garin Sedalia na jihar Missouri, shi ya buga kiɗan Scott Joplin mai suna Maple Leaf Rag a 1899, ya kuma yarda ya riƙa ba shi kwabon Amurka ɗaya a kan kowane kwafi, a zamanin da aka saba sayen aikin baƙin makaɗi da 'yan daloli a sallame shi. Ba wanda ya ce bashi haramiyar talaka ne, domin mai albashin wata ba zai tara kuɗin firji a tukunya ba. Tambayar ita ce, in abu ya ɓaci, wa ke ɗaukar asara? A takardar Helby amsar ɗaya ce kullum. Mai kanti ya ƙara riba saboda wai yana cikin kasada, alhali kuwa kaya nasa ne har ranar ƙarshe, kuɗin da aka biya ma nasa ne. Ya ci ladan kasadar da wani ya ɗauka.

Hujjar da ta fi kowace nuna inda ribar take ita ce abin da ya faru bayan kasuwar ta faɗi. Garmaho da rediyo da mota suka ƙwace wa fiyano matsayinsa a shekarun 1920, karayar arziki ta 1929 ta ƙarasa shi, har a 1932 abin da aka ƙera a Amurka bai kai 30,000 ba. Ɗaruruwan masana'antu suka rufe. Kamfanin Baldwin ya tsira, kuma da yake ya ƙware wajen riƙe takardun bashin masu saye, sannu a hankali sai ya rikiɗe ya zama kamfanin kuɗi. Zuwa farkon shekarun 1980, da sunan Baldwin-United, ya mallaki kamfanonin inshora da na lamuni barkatai, fiyano ya koma ɗan ƙaramin reshe a gefe. A 1983 ya durƙushe da bashin biliyoyin daloli, ɗaya daga karyewa mafi girma da Amurka ta gani zuwa lokacin. Kimball ya daina ƙera fiyano a 1996 ya tsaya kan kujeru da teburan ofis. Kasuwar ta koma Japan, wurin Yamaha, wanda ya fara fiyano a 1900 tun kafin ya san babur, daga baya kuma ta koma Sin. Zuwa ƙarshen shekarun 2010 sababbin fiyano da ake sayarwa a Amurka kimanin 30,000 ne a shekara, tsofaffin kuwa, waɗanda kakanni suka yi shekara uku suna biya, sau da yawa jikoki ne ke biyan a zo a kwashe su a kai juji.

Su Turawan Ingila da suka haifi takardar sun ga ɓarnarta. Ƙwacen kaya daga hannun waɗanda suka kusa gama biya ya yi yawa har wata 'yar majalisa mai suna Ellen Wilkinson ta tsaya tsayin daka aka yi doka a 1938, wadda ta ce in mutum ya biya kashi ɗaya cikin uku, ba mai taɓa kayan sai da umarnin kotu. Nijeriya ta yi tata dokar hayar saye a 1965. Ta wajabta wa mai kaya ya bayyana a rubuce nawa ne kuɗin kayan in da hannu da hannu za a saya, ta kuma hana shi ƙwace da ƙarfinsa in an biya rabi, ko kashi uku cikin biyar in abin hawa ne mai inji, ko da yake wani gyara da aka yi daga baya ya ba shi damar ɗauke abin hawan ya ajiye in biya uku ya taru, kafin kotu ta yanke hukunci.

To, ga inda gizo yake saƙa. In ba abin hawa ba ne, dokar ba ta shafi kayan da kuɗinsu ya wuce fam 1,000 ba. Da aka sauya kuɗi a 1973 adadin ya zama naira 2,000. A lokacin kuɗi ne mai kauri, ya rufe rediyo da firji da keken ɗinki da duk abin da iyayenmu ma'aikata suka yi rububin ɗauka da kuɗin Udoji a 1975. Da aka sake tattara dokokin tarayya a 2004 aka kwafe adadin yadda yake, naira 2,000, kamar ba a taɓa karya darajar naira ba. Yanzu a gaya mini, wane firji, wace waya, wane farantin hasken rana ake samu a naira 2,000? Ma'anar wannan ita ce ma'aikacin da ya ɗauki kaya a yau ya fita daga inuwar dokar 1965, ya koma inda Brewster ya tsaya a 1895. Har gara Brewster, domin shi sai an turo mutane huɗu da keken doki kafin a raba shi da fiyano. Mai waya a yau daga nesa ake kulle masa ita ran da biya ya makara, ba sallama, ba alƙali, ko da saura biya ɗaya ya gama.

Direban A Daidaita Sahu da ɗan acaɓa su dokar ta rufe su a rubuce, tun da nasu abin hawa ne. Amma wa ya taɓa karanta musu ita? Ana ba mutum babur a kan kuɗin da ya zarce na kasuwa nesa, ba a rubuta masa farashin hannu da hannu ba, yana zuba balas kullum ko mako-mako, ran da ya yi jinya ko injin ya buga a karɓe makulli a ba wani. Shi kansa yana ganin haƙƙin mai kaya ne, domin bai san cewa majalisa ta taɓa zama a kan irin matsalarsa ba. Mu da muka sani kuma muna can muna haddace Helby da Matthews don maki goma.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai, musamman 'yan sashen shari'a da na nazarin harsuna, su haɗa kai su fassara sassan dokar 1965 da suka shafi bayyana farashi da hana ƙwace zuwa Hausa mai sauƙi, a shafi ɗaya, a kai tashoshin A Daidaita Sahu da ofisoshin ƙungiyoyinsu, a karanta a rediyo. Ƙungiyoyin ma'aikata kuma, waɗanda sau da yawa su ne ke tsaya wa dillalai a riƙa zare kuɗi daga albashin membobinsu tun kafin ya shigo hannu, su ƙi sa hannu a kan duk yarjejeniyar da ba ta nuna farashi biyu gefe da gefe ba, na hannu da hannu da na kaɗan-kaɗan. Sa'an nan a rubuta wa 'yan majalisar tarayya da ke wakiltar mazaɓunmu takarda, da sunaye da sa hannu, a nemi abu biyu: a soke iyakar naira 2,000 gaba ɗaya, kuma a rubuta a doka cewa kulle waya ko farantin hasken rana daga nesa ƙwace ne, wanda ba ya halatta bayan an biya rabi sai da umarnin kotu.